Motarka Na Jijjiga In Ka Taka Totur? Ga Yadda Ake Gano Ciwon Kafin A Ɗauko Sifana

Daminar bara abin ya same ni. Na taso daga Samaru a Zariya zan shiga Sabon Gari da 'yar Corollata ta 2006, ina isowa wajen Kwangila na ɗan ba ta wuta zan wuce wata tifa, kawai sai naji motar ta ɗauki rawa daga ƙasa, kujera na karkarwa, madubin tsakiya na karkarwa har bana iya ganin na bayana da kyau, ina ɗaga ƙafa daga totur tayi tsit kamar ba ita ba. Na sake takawa ta sake ɗauka. Sati uku nayi ina yawon gareji, wannan yace fulogi ne aka canza, wancan yace nozul ne, masu fesa wa inji mai, aka wanke, na uku yasa na sayi fiyul fam sabo dal, rawa na nan inda take. Sai da na faɗa hannun wani dattijon bakanike, shi ko bonet bai buɗe ba, cewa yayi "Malam shiga ka ja mu zagaya." Ya zauna a gefe ya cire takalmi ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasan motar, yace taka, na taka, yace saki, na saki, sau uku muka yi haka sannan yace "juya mu koma, shaf ɗinka ne na ciki, ɓangaren dama." Da aka ɗaga motar, robar da ke rufe kan shaf ɗin, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa taya, ta yage, giris ya watsu ko'ina ya kama ƙura ya zama kamar taɓo.

Kuɗin da na zubar a gyaran canki-canka ya fi na shaf ɗin, kuma abin na min ciwo har yau saboda nasan mutane da yawa na cikin wannan halin a irin wannan lokaci da kowa ke lissafin kwabo. Shi yasa zan jero muku yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko, fita da motar ka saurare ta

Wannan shi ne rabin aikin kuma ba ya cin ko sisi sai ɗan man da zaka ƙona. Samu hanya miƙaƙƙiya da ba cunkoso, ni nakan bi hanyar Shika zuwa Giwa da sassafe, kashe rediyo, kashe AC, ka ɗaga gilas. Ka taka har rawar ta fara, sannan ka ɗaga ƙafarka gaba ɗaya ka bar motar ta gangara da gudunta. In rawar ta ɗauke nan take toh ciwon na cikin abubuwan da ke ɗaukar nauyin jan mota ne, wato inji, sitin inji (robobin da inji ke zaune a kansu), shaf ko giya. In kuwa ka saki totur amma tana nan daram sai gudu ya ragu take raguwa, musamman tsakanin 80 zuwa 110, kuma a sitiyari kake jinta, tafi wajen masu taya kai tsaye. In sai ka taka birki take zuwa, diskin birki ne, wannan ba maganarmu bace yau.

Sannan ka bambance irin rawar, don akwai fizga akwai jijjiga kuma ba ɗaya bane. Fizga ita ce motar ta riƙa shaƙewa tana tari, ta ja ta saki ta ja ta saki kamar ana riƙe ta ta baya, ƙarfi ya ragu, wannan wuta ce ko mai ko iska. Jijjiga kuwa injin na amsawa lafiya, ƙarfi na nan, amma jikin motar na kaɗawa hagu da dama ko ƙasan ƙafarka na ɓari, wannan ƙarafunan ƙasa ne. Da ka dawo gida ka faka, saka ta a P ko firi, ka taka a hankali zuwa 2,000 har 3,000 a agogon inji. In tana ɓari a tsaye ma, ka cire taya da shaf daga lissafi tunda basa juyawa. Ka lura kuma ko da sanyin safiya take yi ko sai tayi zafi, ko sai an ɗauki mutane an cika but, ko ta fara ne bayan an wanke inji, bayan ka sha mai a wani waje, ko bayan ka faɗa rami. Rubuta a wayarka, wallahi wannan bayanin ya fi ma bakanike amfani akan kace masa "motar dai ba daidai take ba."

Mataki na biyu, a sa mata kwamfuta

Dubi das bod. In wutar cek ɗin nan mai hoton inji ta kama ta tsaya, akwai saƙo a ajiye. In kuwa ƙyaftawa take lokacin da kake takawa, sassauta ƙafa ka nemi waje ka tsaya, inji na misin sosai kenan, wato wata silinda bata ƙona manta, ɗanyen mai na wucewa cikin salansa yana ƙona abin da ke ciki. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau duk suna da wajen jona kwamfuta mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, na Turai ma daga farkon shekarun 2000 haka. Akwai 'yar ƙaramar na'ura ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, duk mai mota ya kamata ya ajiye ɗaya a aljihun das bod, in baka da ita rewaya da yawa a Sabon Gari da Tudun Wada suna da babba.

Lambobin da zaka fi gani: P0300 misin ne a warwatse, P0301 zuwa P0304 suna nuna maka silindar da ke misin, ta ɗaya zuwa ta huɗu, P0171 iska ta fi mai yawa, P0420 kuma indomi ne, mai tace hayaƙi a cikin salansa, ya fara gajiya. Ɗauki hoton lambar kafin a goge, don wasu da sun jona sai su goge wutar ta mutu suce an gyara, kwana biyu ta dawo. Kuma ka sani kwamfuta unguwa take nuna maka ba gida ba, P0302 ba yana nufin je ka sayi koyil mai ba fulogi wuta bane, yana nufin je ka bincika silinda ta biyu. Idan kuma ba lamba ko ɗaya amma rawa na nan, kamar yadda tawa tayi, wannan ma amsa ce, ka ƙara zargin ƙasa.

Mataki na uku, fulogi da koyil

Nan ne mafi yawan fizga ke fitowa, saboda lokacin da ka taka totur matsin cikin silinda ke ƙaruwa, wuta mai rauni da ke iya tsallakawa a silo sai ta kasa. Shi yasa mota zata yi silo lafiya lau amma tana hawa gada ta fara tari. Bari inji ya huce tukun, kan injin yawancin motocin nan alminiyom ne, kwance fulogi da zafi na iya cinye zaren ramin kuma wannan wani sabon tashin hankali ne. A irin Corollata koyil huɗu ne kowanne a kan fuloginsa, sifana 10 ke kwance shi, soket 16 mai tsawo ke fito da fulogin. Kafin ka cire ka haska ramin da tocilan, in ka ga baƙin mai ya taru a ciki gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo, ko ka sa sabon fulogi ba zai daɗe ba sai an canza gasket ɗin. In ruwa ka gani, wankin inji ne, a busar kawai, sau da yawa shikenan magana ta ƙare.

Jera fulogan a kan kwali yadda ka ciro su, ɗaya biyu uku huɗu, ana fara ƙirga daga ɓangaren da bel yake. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne a bushe. Baƙi mai kunkunniya mai yayi yawa ko wuta bata ci sosai, jiƙaƙƙe da baƙin mai inji na shan baƙin mai, fari fat kamar alli kuma mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta wani waje. In ɗaya ya fita daban da 'yan uwansa toh ga mai laifin nan. Dubi farin tangaran ɗin ma, in akwai siririn baƙin layi kamar an ja da fensir, wuta ce ke satar hanya ta nan.

Ga dabarar da ke hana sayen koyil huɗu alhali ɗaya ne ya mutu: in kwamfuta tace P0302, ɗauke koyil na biyu ka kai na uku, na uku ka dawo da shi na biyu, goge lambar ka zagaya. In ta koma P0303 koyil ɗin ne, shi kaɗai zaka saya. In ta tsaya a P0302 yi irin wannan musanyar da fulogi, in har yanzu bata motsa ba saura nozul ko matsin silindar kanta, sai a sa geji a auna kamfireshan. Masu Golf 3 da tsofaffin motoci masu distiributa da wayoyin fulogi, ku kunna mota cikin duhu ku buɗe bonet ku zuba ido, in wayar ta tsage zaku ga shuɗiyar wuta na tsalle, amma kar a kai hannu, tana fizgar mutum ba da wasa ba. A buɗe murfin distiributan ma a ga ko ya tsage ko ya yi tsatsa a ciki.

Wajen saye ne ake cutar mutane. Jabun fulogi ya cika kasuwa cikin kwalin Denso da NGK, ka sayi lambar da littafin motarka ya ce, wajen wanda ka yarda da shi. Na gama-gari yana kai kamar kilomita 30,000, mai iridiyom na asali yana kai 100,000. Wajen ɗaurawa fara murzawa da hannu har ya zauna sannan ka sa sifana, kuma kar a haɗa da ƙarfin tuwo.

Mataki na huɗu, iska da mai

Buɗe akwatin filtar iska. Duk wanda ya yi hunturu a Zariya ya san ƙurar da muke sha, filta ta toshe inji ya rasa numfashi, ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, in haske baya wucewa canza ta, kuma don Allah kar a cire a bar wajen haka wai don mota ta ƙara gudu, ƙurar nan ringin fistan take ci. Bayan filtar akwai eyafulo mita, 'yar siririyar waya ce a ciki da ke auna iska, in tayi datti lissafin mai ya rikice. Akwai feshin da aka yi dominta, a fesa a bari ta bushe, ba a taɓa ta da yatsa ko tsumma, ba a wanke ta da fetur. Sai ka bi babban tiyon da ya tafi totur ka lanƙwasa shi da hannu, yakan tsage a cikin lungun ninkin inda ido baya gani, kana taka totur inji ya ɗan motsa tsagar ta buɗe mota ta shaƙe. Kasa kunne kuma ko zaka ji "ssss" a silo.

Maganar mai kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 yawancinmu da jar wuta muke yawo, lita uku lita biyar, ba laifin kowa bane yanayi ne, amma fiyul fam a cikin man yake kwance shi ke sanyaya shi, in kullum tanki a ƙasa yake yana zafi yana kuma zuƙar dattin gindi. Alamarsa motar tayi lafiya a cikin gari amma ka hau hanyar Kaduna ka nemi ƙarfi ta riƙa ja baya, wani lokaci har da kuka "wiiii" daga kujerar baya. Kar ka yarda a canza shi da baki, a sa geji, a irin injin Corollata ana son 44 zuwa 50 a ma'aunin psi, da an auna nawa da ban sayi sabo ba. Filtar mai a Golf tana waje ƙarƙashin mota kusa da tanki, a Corolla irin tawa tana ciki tare da fam ɗin. In kuwa abin ya fara ne daga shan man bumburutu ko wani gidan mai da baka saba ba, zuƙo kaɗan a farar gora ka ajiye, in da ruwa zaka ga ya kwanta a ƙasa ya raba layi. Ba a manta gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba, motoci nawa ya kwantar. Maganinsa a juye tankin duka. Wanke nozul sai an gama duk waɗannan, kuma a kan inji mai nuna feshinsu ba a bugun batir a bakin titi ba.

Indomi kuma, wato abin nan mai ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansa, in ya toshe mota na ƙara nauyi ne yayin da take ƙara zafi, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci kaji kacau-kacau a ƙasa. Ana gwadawa ta kwance sensan da ke gabansa a ɗan zagaya, in motar ta saki jiki ƙarfi ya dawo toh shi ne. Ni dai ban yarda a fasa shi ba tare da wannan gwajin ba, kayan na da tsada a wajen masu saye, kuma ka tsaya a kan motarka lokacin da ake aikin salansa.

Mataki na biyar, sitin inji

Wannan gwajin minti biyu ne amma mutum biyu yake so. Buɗe bonet, ja hambirki, sa dutse a taya, direba ya danne birki da ƙafar hagu ya sa D ya ɗan taɓa totur kaɗan, sannan ya sa R ya maimaita. Kai ka tsaya a gefe, ba gaba ba, a gefe nace. Inji mai lafiyayyen siti ɗan sunkuyawa zai yi, in ka ga ya yi tsalle ya ɗago ko kaji "gum" roba ta yanke. Wasu situkan akwai ruwa a cikinsu, in ka ga baƙin ruwa ya zubo ya bushe a jikinsa ya mutu. Cusa tsohuwar taya a ciki gyaran gangar auzinawa ne, rawar ma ƙaruwa take a silo.

Mataki na shida, shaf

Nan tawa ta ɓuya. Kowane shaf kai biyu gare shi. Na waje da ke jikin taya in ya lalace "kas-kas-kas" yake yi a kwana, kowa ya san wannan. Na ciki da ke jikin giya shi ne mugun, baya kuka, wasu 'yan ƙarafa uku ne masu juyawa a cikin kofi, in giris ya ƙare sai su ci rami a jikin kofin, kana taka totur su faɗa ramin su riƙa turo shaf ɗin, ka saki su fita. Shi yasa rawar ke bin ƙafarka sak, kuma tafi tsanani a hawa ko in an yi lodi.

A ɗaga motar a kan rami ko a sa jak tare da abin tokare mai ƙarfi, kar wanda ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, rai ba abin wasa bane. Dubi robobi huɗun, ka buɗa ninkinsu da yatsa, ka duba ko giris ya fantsama a jikin giya da salansa. Kama shaf ɗin kusa da giya ka girgiza sama da ƙasa, ɗan motsin shiga da fita ba komai bane haka aka yi shi, amma sama da ƙasa da ƙara "kwas" ya tafi. In an kama yagewar roba da wuri, wankewa, sabon giris irin nasa da sabuwar roba sun wadatar. In rawa ta riga ta fara sai canji. Ko a Sabon Gari zaka saya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da tsohon a hannu a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran kai biyun, a duba zoben ABS in motarka na da shi. Ni na fi natsuwa da Beljiyam mai kyau wanda robarsa bata taɓa fashewa ba akan sabo mai arha. A duba sil ɗin da shaf ke shiga, a cika man giyar da ya zube, babban notin a ɗaure shi sosai a dake bakinsa. Masu Hilux da bas da sauran masu ja da baya, ku forofela zaku duba, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin giya zuwa baya, kuros ɗinta da beyarin tsakiya, in ka murɗa da hannu kaji lako ko ka ga jan gari kamar tsatsa a bakin kuros ya gama.

Mataki na bakwai, giya da kuloci

A otomatik akwai wata rawa da ke zuwa wajen 60 zuwa 80 in kana taka totur a hankali, kamar ka hau gargada na 'yan daƙiƙu sai ta wuce. Riƙe totur yadda yake ka ɗan shafi birki da ƙafar hagu yadda wutar baya kawai zata kama, in rawar ta ɗauke nan take kwanbata ce, wato abin da ke haɗa inji da giyar otomatik, kuma sau da yawa man giya ne ya gaji ko an zuba wanda ba nata ba. Zaro sandar auna man giya ka ɗiga a farar takarda, ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙauri matsala. Toyota ana aunawa inji na aiki a P bayan tayi zafi, Honda kuma sai an kashe a auna nan da nan. Corolla irin tawa man T-IV take sha, Toyota na baya-baya WS, Honda Accord irin su EOD da DC kuma DW-1 wanda ya maye gurbin Z1, mai irin giyar da ake kira CVT nata daban ne gaba ɗaya. Kar a zuba "jan mai" don kawai ja ne. A tsohuwar giya juyewa da cikawa ya fi a tura man da na'ura. A manuwal kuwa in rawar a tashi ce kawai, kana sakin kuloci a lamba ɗaya tana ɓari, filet da diski ne ko baƙin mai ya zubo musu daga sil ɗin bayan inji, in an sauke giya a canza sil ɗin a duba fuskar filawil lokaci guda don kar a biya kuɗin saukewa sau biyu.

Taya bata da dogon bayani: shafa ta da tafin hannu ko tayi ƙulu, duba rim ko rami ya lanƙwasa shi, ka tabbata notuna a ɗaure suke, ka kankare busasshen taɓo a cikin rim, sai a yi balansin. Lambobi huɗun da ke gefenta sati ne da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019.

Duk abin da aka canza, ɗaya bayan ɗaya za a yi, a canza a koma kan hanyar nan da ka fara gwaji a irin gudun nan, ka karɓi tsohon kayanka ka jefa a but. In bakanike ya ƙi shiga motar ku zagaya tare, ce masa "Oga a yi haƙuri, sai ka ji da jikinka tukun," na kirki ba zai ƙi ba. Ni yanzu duk ranar juye, kafin a sauke motar daga rami, sai na sa an karya sitiyari hagu an karya dama na sauka da tocilan na duba robobin nan huɗu da idona, musamman bayan damina.